Shaidar Mai Jan Waya

A Sitakunda jiragen ruwa ke zuwa mutuwa,
mu kuma mu feɗe su da wutar gas da guduma,
laka har gwiwa, gishiri a leɓe.

Mofizul ke yanka. Anowar ke kula da sarƙa.
Ni ina bayansu ina jan waya.
Shekara shida kwano ɗaya suke sa hannu,
shinkafa, ɗan romon wake, barkono biyu,
ɗaki ɗaya, sauro ɗaya ke shan jininsu.

Dalilin faɗan? Kada ku yi dariya.
Taka ɗari uku, bashin tun damina,
da safar hannu guda da ta yi ɓatan dabo.
Kwana biyu ba mu rintsa ba,
rana ta dafa mana kai a cikin hular kwano.
Anowar ya ce, "Ɓarawo."
Mofizul ya ambaci uwarsa.

Sai hannu ya tashi. Turi ɗaya, a ƙirji,
irin wanda yara ke yi
su tashi su kaɗe riga su ci gaba da wasa.
Amma Mofizul ya ja da baya taku biyu,
sama kuma sarƙa ta buɗe baki,
faifan ƙarfe ya sauko ba sallama.

Na ji wata ƙara da har yau ban san sunanta ba.
Ba ihu ba ne. Ihun sai daga baya.
Ƙafar dama, daga gwiwa zuwa ƙasa,
ta koma abin da ba na faɗa in ana cin abinci.
Wutar yankansa na kwance a laka tana huci,
ba wanda ya tuna ya kashe ta.

Anowar ne ya yage zanen ƙugunsa ya ɗaure cinyar.
Anowar ne ya goya shi har bakin titi
yana kiransa ɗan'uwa, ɗan'uwa,
jini na bin bayansa kamar ya san hanya.

Washegari manaja ya kira ni ofis.
Fanka na juyawa. Aka ba ni shayi har da madara,
ni da ko ruwa ba a taɓa ba ni a nan ba.
Ya ce, "Faɗa suka yi, ko ba haka ba?
In faɗa ne, ba ruwan kamfani.
Dangwala nan."
Bai tambayi sarƙar ba,
wadda tsatsa ta ci har ta ƙoshi,
wadda muka kai ƙararta sau uku.

Na dubi takardar. Ba ƙarya a cikinta.
Gaskiya ce aka wasa mata baki
don a sare wa mutum ƙafar da ta rage.
Na ce, "Yallaɓai, hayaƙi ya cika min ido.
Sarƙa na gani. Ban ga hannu ba."
Shayin ya huce a gabana.
Ranar Alhamis aka sallame ni.

Hannu ne ko tsatsa? Da dare nakan auna,
sikelin ya ƙi tsayawa.

Yanzu Mofizul na sayar da shayi a bakin hanya,
sanda jingine da tukunya,
ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil.
Diyyar ta zo, rabinta asibiti ya haɗiye.
Duk ƙarshen wata Anowar kan zo,
ya ajiye rabin albashi, idonsa a ƙasa.
Mofizul ya ƙirga, ya zare taka ɗari uku,
ya tura masa: "Bashinka."
Ba mai ɗauka.
Sai su danne ta da kofi don kada iska ta kwashe,
su zauna shiru,
suna kallon wani sabon jirgi
yana tahowa gaɓa a hankali.